Bututan Malam Kuramochi

Shekara talatin ina sharar babban zauren jami'armu, ban taɓa hawa bayan ogan ba, wato ƙaton abin kiɗan nan mai bututu da ke zauren. Malam Kuramochi, mai gyaransa, ya hana. Tun bayan yaƙin duniya aka kawo abin kiɗan a jirgin ruwa, bututu dubu da ɗari biyu, shi kuma ya gaji kula da shi daga mahaifinsa. Tsoho ne mai rowar mabuɗi, ko gizo-gizo ba ya shiga wurin sai da izininsa.

Ana nan sai aka ce za a rushe zauren don ba zai jure girgizar ƙasa ba. Kwamiti zai zo ranar biyar ga Janairu ya saurari ogan. In muryarsa na nan, a kai shi sabon gini, in babu, 'yan gwangwan su kwashe.

Malam ya yi wata biyu yana daidaita shi, sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti. Ga sharar ƙarshen shekara ta zo, wadda ba a barin ko lungu ɗaya da dattin bara. Baƙi su zo su tarar da ƙura a zaurena? Raina ya ƙi. Na karɓi mabuɗin da ya bari wajen maigadi, na hau da mata uku abokan aikina, muka goge bututan tas. Nan na ga bakin yawancinsu a lanƙwashe, wasu ma an tsaga an naɗe. Na ce lallai tsufa ya ci ƙarfin Malam, dubi ɓarna. Muka sa filaya muka miƙe su ɗaya bayan ɗaya, har ina yaba kaina.

Ashe da lanƙwasar nan ake saita muryar kowane bututu.

Ranar kwamiti, makaɗiya na dannawa abin ya ɓarke da kuka kamar garken awaki. Malam, da aka sallamo da safen nan, ya hau sama da sandarsa, ya daɗe, ya sauko. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba, ya sunkuya gaban kwamiti ya ce kunnensa ne ya mutu, laifinsa ne, a ba shi wata guda. Suka ce ranar rushewa ba ta ɗaguwa.

Na same shi zaune a matakala, na durƙusa na faɗa masa komai, kunya kamar in nutse.

"Na sani, Fusae," ya ce. "Tashi, ƙasan da sanyi."

"Malam, to me ya sa ba ku faɗa musu ba?"

"In na faɗa su kore ki, ogan kuma su kwashe shi duk da haka. Asara ɗaya ta ishe ni."

Ranar da 'yan gwangwan suka gama lodi, ni aka sa in share wurin.