Furen da Na Kawo wa Auta

Wari ne ya tarbe mu, ni da matata, tun daga ƙofar gona. Surukina yana tsaye a bakin tafkinsa, hannu biyu a ka. Kifin da ya shekara yana kiwo duk ya taso, ciki sama, fari fat, ya maƙale cikin wani koren ganye da ya rufe ruwan ruf. A kan ganyen kuwa furanni ne shuɗaye, ɗaruruwa, suna rausaya abinsu.

Na san furen nan.

Wata huɗu da suka wuce na gan shi a wani babban kogi, ina kan hanyar dawowa daga tafiya. Launinsa sak mayafin da matata Auta ta yafa ranar da na fara ganin ta. Na shiga ruwa na ciro guda da saiwarsa, na rungumo shi cikin roba yini guda a mota. Da ya fara yaushi a ɗakinmu, muka lallaɓa muka sake shi a tafkin babanta don kada ya mutu. Har waƙa na rubuta masa.

"Bakaniken nan ne!" in ji surukina, yana nuna katangar maƙwabcinsa. "Baƙin mansa ne ya gangaro. Shekara talatin muna zaman lafiya, yau sai gaban 'yan sanda!"

Malamar kiwon kifi da aka kira ta tsuguna, ta shinshina ruwan, ta ɗago ganye ɗaya.

"Baba, babu mai a nan. Ga mai laifin. A kogi ruwa yana tafiya da shi. A tafki kuwa ba inda za shi, sai ya yi ta haihuwa har ya tare rana, ya hana iska shiga. Shaƙewa kifinka ya yi. Kuma nan ba gidansa ba ne, hannu ya kawo shi."

"Hannun wa? Bakaniken dai!"

Auta ta matse mini yatsa, ta girgiza kai. Surukina har ya kama hanyar ƙofa.

"Baba," na ce. "Ni ne."

Ya juyo a hankali. "Kai? Ɗan nan, me na yi maka?"

"Wallahi ba komai. Auta na kawo wa. Ya yi kama da mayafinta ne, shi ya sa na shiga kogi har gwiwa..."

"Mayafi," ya ce. Ya dubi kifin, ya dubi 'yarsa, ya sake cewa, "Mayafi!"

Can ya taka zuwa katanga, ya ɗaga murya: "Maƙwabci! Ara mini manjagara biyu."

Da aka miƙo, ya ba Auta ɗaya, ya danƙa mini ɗaya.

"Har gwiwa ka ce, ango? To, nan har wuya ne. Cire takalmi."