Kafaɗa ta Shida

Matakala tamanin da huɗu ne daga dandalin ƙauyenmu zuwa ƙofar cocin Mar Sarkis. Mota ba ta hawa. Duk wanda ya mutu a nan, a kafaɗar maza shida yake hawa, kuma dole a sami jininsa a sahun gaba. Haka muka tarar. Tun ina budurwa na tambayi dalili, aka ce in rufe baki, ga shi ina da shekara saba'in da takwas ba a ba ni amsa ba.

Ƙanena Tanyus ya faɗi a gonarsa ta tuffa ranar Talata, bai tashi ba. Haihuwarsa ɗaya tak. An yi mata baftisma da sunan Rima, ni na riƙe ta ranar tana tsala ihu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta tafi Kanada karatu. Ranar Laraba, wanda ya sauko daga tasi a ƙofar gidan makoki gajeren mutum ne mai gemu, cikin baƙar kwat, sunansa yanzu Rami. Ni ban yi mamaki ba, duk Lahadi muna waya. Tanyus ma ya sani, sai dai bai taɓa furta ko ɗaya daga sunayen biyu ba, sai ya ce, "Yaya mutanen Kanada?" Zan riƙa cewa "shi" a nan domin haka ya roƙe ni, kuma roƙon bai rage ni da komai ba.

Abu ɗaya ya kawo Rami: ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin akwatin ubansa. Mutum ɗaya kuma ya rantse ba za a yi haka ba, autanmu Jirjis.

Da safiyar Alhamis muna kicin ni da matar marigayi, Wadad, muna tsince shinkafar da za a dafa wa masu ta'aziyya, sai ga Jirjis ya shigo yana jan Fada Shukri kamar wanda ya kamo ɓarawo. Rami yana bakin taga da ƙoƙon gahawa a hannu.

"Fada, gaya mata!" in ji Jirjis, yana nuna Rami. "Gaya mata abin da Fafaroma ya ce. Mace ba ta ɗaukar gawa, kuma gemun allura ba ya mai da mace namiji. Daga Roma aka rubuto!"

Na ce, "Jirjis, yaushe ka fara karanta abin da ya fito daga Roma? Kai da ko takardar magani sai an karanta maka?"

"Yaya, ba da ke nake ba."

"Ai ni da kai nake."

Fada Shukri ɗalibina ne. Shekara arba'in na koyar da ilimin halittu a makarantar sistoci da ke gangare, shi kuma yana zama a benci na biyu, yaron kirki, mai suma in an feɗe kwaɗo. Har yau in ya gan ni sai ya gyara wuyan rigarsa. Ya dubi Rami, ya rasa ko "ka" zai ce ko "ki", sai ya koma "ku" kamar mai magana da bishof.

"Ba zan ɓoye muku ba," ya ce a hankali. "Coci tana koyar da cewa jiki kyauta ce daga Allah. Namiji da mace ya halicce mu, ba mu muke zaɓa ba, ba mu kuma muke sauyawa ba. Na gaskata wannan. Sunan da ke littafin baftisma ba zan goge shi ba."

"Kun ji ko!" Jirjis ya buga tebur har shinkafa ta yi tsalle.

Rami ya ajiye ƙoƙon. Ya fara wani dogon bayani irin na jami'a, da manyan kalmomi, rabi da Faransanci, a kan al'umma da danniya da 'yancin mutum a kan jikinsa. Wadad ta sa kuka. Na ce, "Kai ma ka isa haka. Ubanka yana kwance a falo, ba lacca muka zo ji ba."

Gaskiya dukansu sun ishe ni. Na koyar da jikin ɗan Adam har gashina ya yi fari. Na san ba ya bin layi ɗoɗar kamar yadda masu wa'azi suke so, na kuma san ba riga ba ne da ake kai wa tela, kamar yadda littattafan Rami suke nunawa. Abin da na tabbatar kawai shi ne yarinyar da ta yi shekaru ba ta iya duban madubi yanzu tana cin abinci tana dariya a waya. Sauran na bar wa Wanda ya yi halittar. Amma takardar da Jirjis ke ta ihu a kanta, ni na karanta ta, daga farko har ƙarshe, da jan biro a hannu.

"Shukri," na ce, na manta da "Fada" da gangan, "ban koya maka tsayawa a tsakiyar shafi ba. Ƙarasa."

Ya share goshi. "Haka ne, Malama. Koyarwar nan dai ita ce ta ce kowane mutum yana da darajar da ba ta zubewa, ko me ya yi, ko yaya yake, domin Allah ne ya ba shi, ba ƙauye ba. Ba a wulaƙanta shi, ba a korarsa daga ƙofar coci. Ba ni da ikon ɗaukar rabi in bar rabi."

"Akwatin fa?" in ji Jirjis.

"Babu dokar coci a kan wanda zai ɗauki akwati. Al'adarku ce."

"Au! Yanzu ta zama tamu? Kai daga wata duniya ka faɗo?"

Rami ya dubi fada. Muryarsa ta canja, Faransancin duk ya gudu. "Fada, abin da ka faɗa da fari ya yi mini ciwo, kuma ban yarda da shi ba. Amma ban zo don littafinka ba. Babana ya goya ni a wuyansa ya hau matakalan nan sau ba adadi. Sau ɗaya nake so in rama."

Sai Jirjis, wanda shiru ke yi wa ƙaiƙayi, ya yi caraf ya amsa. "To shi ke nan. In ta ɗauka, ni ba zan ɗauka ba."

Ga inda abin ya zama wauta tsantsa. Ƙauyenmu ba sauran samari, duk suna Sidni da Dubai da Abijan. Tun Talata Jirjis ke yawon neman kafaɗu, ya samo biyar da ƙyar: shi kansa, da Abu Nadim mai gidan burodi, da wani ɗan 'yar'uwarmu likitan haƙori daga Beirut, da 'yan Siriya biyu masu tsinkar tuffa a gonar marigayi, Musulmi ne, su suka zo da kansu suka ce ya riƙe su da mutunci. Na shida, Jirjis ya yi niyyar roƙon direban tasin da ya kawo Rami. Wato mutumin da bai taɓa ganin Tanyus ba ya fi cancanta a kan wanda ya fito daga tsatsonsa. Yanzu da Rami ya shiga shi ya fita, an koma biyar.

Na miƙe, na kakkaɓe siket, na miƙa wa Wadad sandata.

"Ina za ki, Gwaggo?" in ji Rami.

"Zan je in gwada kafaɗata. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya. Tunda Baffanka ya ce mace ce za ta ɗauka, bari su zama biyu. Jirjis, kai ka biyo mu a baya da furanni, tare da 'yan mawaƙa."

"Yaya, kin haukace? Za ki mutu a matakala ta biyar!"

"Sai ka nemo wasu shidan. Ka ga aiki ya ƙaru."

Ya san ni tun yana tsumma. Ya san zan yi, kuma ya san har ya mutu ba za a daina ba da labarin a gidan burodi ba. Ya fita yana zagin Kanada da jirgin da ya je can.

Ƙarfe uku aka kaɗa ƙararrawa. Aka fito da akwatin dandali, ga Jirjis tsaye a gefensa, fuska a murtuke, ya zaɓi kusurwar baya, nesa da Rami iyakar iyawa. Sai Abu Nadim ya zo jera mutane, don shekara talatin shi ke wannan aiki. Ba ya duba dangantaka ko addini, tsawo yake dubawa. In kafaɗu biyu da ke fuskantar juna ba su yi daidai ba, akwatin zai karkata a hawa, kuma mun taɓa ganin abin da hakan ke jawowa. Ya haɗa 'yan Siriya biyu a baya, dogaye ne. Ya haɗa kansa da likitan haƙori a tsakiya. Sannan ya dubi sauran biyun, ya auna su da ido.

Mu gidanmu gajeru ne. Ko ɗan yatsa ɗaya babu tsakanin Jirjis da Rami.

"Ku biyu gaba," ya ce. "Ku saƙala hannu a kafaɗar juna ta ƙarƙashi, ku riƙe da kyau."

"Abu Nadim, ba wani..."

"Babu. Ko dai haka, ko ɗan'uwanka ya gangaro ya riga mu isa dandali. Zaɓi."

Suka ɗauka. Ina biye da sandata, Fada Shukri na gaba yana addu'a da turare. A matakala ta talatin na fara jin numfashin Jirjis kamar tsohon injin ban ruwa. A ta hamsin gwiwarsa ta lanƙwashe, akwatin ya yi ɗan rawa, mata suka yi salati da sunan Budurwa Maryamu. Na ga hannun Rami ya damƙi kwat ɗin baffansa ya ɗago shi.

"Baffa, jingino da ni."

"Rufe mini baki. Ke... kai... ko ma wane ne, ɗaga kafaɗar nan, kana ja mini wuya!"

"Ai na ɗaga. Sigari ne ya cinye ka."

"Ubanka ne ya koya mini, je ka tambaye shi."

A haka suka ƙarasa, suna cacar baki a ƙarƙashin gawa. Da na iso sama, an riga an sauke akwatin a gaban bagade. Rami ya dafa murfin da tafin hannu, yana kuka ba sauti. Jirjis na zaune a kan matakala ta ƙarshe, jiƙe sharkaf, yana haki.

"Yaya," ya ce, "kada wani ya ɗauka na yarda. Ban yarda ba."

"Wa ya tambaye ka?"

Ya ɗago kai, ya nuna wajen Rami da haɓa. "To in an fito, a zauren ta'aziyya, ɓangaren maza za a zauna ko na mata?"

Na dube shi, na dubi sandata, na tuna a ƙofar coci nake. Na wuce ciki na zauna kusa da Rami.