Kukar Malam Sabiru

Sau uku Sauda tana zagaya shataletalen da tsohon hoto a hannu, ba ta ga alamar kuka ba. Taswirar wayarta ta dage nan ne Meitang. Amma Meitang ɗin cikin hoton garin gonakin shinkafa ne, wannan kuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya haɗiye shi tuntuni, sunan kawai ya rage a jikin tashar jirgi.

Mutumin da ke tsugune a hoton mahaifinta ne, Malam Sabiru, tsohon malamin gona. A 1988 aka ƙulla ƙawance tsakanin garinsu, Kwarin Maje, da Meitang saboda noman shinkafa. Aka ziyarci juna, aka sha jawabai, aka yi musayar bishiyoyi. Sinawa suka dasa lici, wani ɗan itacensu mai zaƙi, a harabar sakatariyar Kwarin Maje. Malam Sabiru kuma ya yo dakon dashen kuka a gwangwanin madara, ya dasa musu da hannunsa. Shekara shida ana aike-aiken wasiƙu da kalanda, daga nan shugabanni suka canza, aka daina amsa wa juna. Ba wanda ya yi faɗa da wani, haka kawai abin ya mutu.

Malam Sabiru ne kaɗai bai karɓi gaisuwar mutuwar ba. Ba a zaman majalisa bai sako zancen kukarsa ta ƙasar Sin ba, har abokai suka riƙa tambayarsa ko Sinawan sun fara kaɗa miya. Yanzu ciwo ya kwantar da shi. Da Sauda ta samu karatu a Guangzhou, bai nemi waya ko agogo ba, hoton kukar kawai ya roƙa, don ya rufe bakin masu dariya. Wata takwas tana kwana-kwana, saboda tsoron abin da za ta tarar.

Duk wanda ta nuna wa hoton sai ya girgiza kai ya ce babu. Wata mai sayar da lemo ce ta tura ta bayan wani tsohon zaure, inda dattawa ke buga karta. A can wani tsoho mai suna Liang ya ɗora tabarau, ya daɗe yana duba hoton, sannan ya sa yatsa a kan saurayin da ke riƙe da bokiti kusa da mahaifinta. Shi ne da kansa.

Ya ja ta zuwa wani ɗan fili tsakanin benaye biyu. Ga allon dutse da sunan garuruwan biyu, an goge shi tas. Bayansa kuma doguwar bishiya ce mai jan fure, ƙaya duk jikinta. Ko yaron goye a Kwarin Maje ya san wannan ba kuka ba ce, wani irin rimi ne nasu na nan.

Liang bai ɓoye mata ba. Ya ce kukar ba ta ga shekara ba, ruwan sama ya ruɓar da saiwarta. Shi aka damƙa wa amanarta, kunya ta hana shi rubutawa, sai ya dasa wannan a gurbinta. Da aka zo gina benayen, zama ya yi a gindinta har masu aikin suka kauce mata.

"Tamu fa?" ya tambaya a hankali. "Licin ya kama?"

Sauda kuwa ta san sirrin gidansu. Licin ya ƙone a bazarar farko. Babanta ya dasa mangwaro a wurin, ya bar allon yadda yake, kuma har ya kwanta ciwo shi ke ba shi ruwa. Tausayin tsofaffin biyu ya kama ta, dariya kuma na neman kuɓuce mata. Ta ce masa bari ta tambayi mai bishiyar.

Ta yi tunanin ɗaukar allon kaɗai, ta bar sauran. Amma ba a yi wa malamin gona wayo a kan itace. Ta ja da baya, ta ɗauki bishiyar gaba ɗaya, da furenta da ƙayarta da Liang tsaye a gindi, ta tura wa babanta. A gida an idar da sallar asuba ke nan. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara.

"Sauda, wannan ai rimi ne."

"Rimi ne, Baba."

Sai ya tambaye ta wa ke kula da rimin. Ta ce mai bokitin nan ne na cikin hoto, shekara talatin da 'yan kai bai fasa ba, ga shi ma yana tambayar licinsu.

Ta ji babanta yana wata 'yar dariya haɗe da tari, irin wadda rabon da ta ji tun kafin ya kwanta.

"Ki gaishe shi da kyau," in ji shi. "Ki ce masa licin nan, bana ma yara ba su bari ya nuna ba."