Kujerar Ƙarshen Kogi

A majalisar kula da kogin, yadda ruwa ke gangarowa haka ake magana: ƙaramar hukumar da ke sama ta fara, a biyo ƙasa. Malamin gona ne wakilin ƙarshen kogi, inda yashi kawai ya rage tun da aka yi madatsa. Kafin layi ya iso kansa, shugaban majalisar ya fara laluben makullin mota.

"Naka sai zama na gaba, Malam."

Ko haushi bai ji ba, ya saba. Ya ɗauki gorar ruwan sha da aka ajiye masa a teburin taro, ya hau babur.

A gida matarsa tana kwalfar gindin randa.

"Baban yara, me suka ce?"

Ya dire gorar a gabanta.

"Ga abin da ya iso mana."