Garkuwar da Auta Ya Ɗaura

Babur ɗin na kwance a bakin kwata, tayar baya na juyawa a iska, inji na kururuwa kamar ana yanka shi, lokacin da Auta ya fito daga gareji a guje da sifana a hannu. Yayansa na jingine da katangar maƙwabta, leɓe a fashe, ƙafar dama ta lanƙwashe a inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Ko taku ashirin bai yi daga ƙofar garejin ba.

Mai facin gefe ne ya yi ta maza ya kashe makullin.

"Yaya, kana ji na?"

"Ina jin ka. Duba min shi tukuna, tankin bai lotsa ba?"

Shekara talatin da huɗu babur ɗin nan ya yi a hannun Yaya. Baƙin tsohon ƙarfe ne mai zagayayyar fitila, irin wanda ko kamfaninsa ya manta ya taɓa ƙera shi, kuma tun da Auta ya zama bakanike babu wani hannu da ya taɓa kwance masa noti sai nasa. Bara tari ya sa Yaya a gaba. Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya da duk gidan ke kira Likita, ta ce iskar hanya ce ke dukan ƙirjin mahaifinta, don haka a jingine babur. Tsohon ya ce sai dai a jingine su tare. Auta ne ya raba gardamar, ya ce akwai wata 'yar garkuwa ta roba mai gilashi da ake ɗaurawa kewaye da fitila, tana kare ƙirjin mahayi daga iska. Likita ta amince, amma da sharaɗi: faɗuwa ɗaya, ta karɓe makulli.

Garkuwar ta iso a kwali, ashe don baburan zamani aka yi ta. Maƙalanta ba su hau ba. Auta ya yanko ƙarfe ya lanƙwasa nasa, ya huda, ya ɗaure su a notunan fitila guda biyu. Tun safe yake fama, Yaya na tsaye a kansa yana tsokana, wai babur ya tsufa har ya fara sa tabarau, wai da ya san aikin zai kai azahar da ya zo da katifa. Da aka gama Auta ya tada inji, ya ji sautin lafiya lau, ya miƙa makulli.

A asibiti aka ce ƙashi ya karye wuri biyu. Likita ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ta tsaya a gefen gado da kayan aikinta, ta tambayi mahaifinta yadda aka yi. Ya ce shi dai ya karya kan babur hagu zai hau titi, sai kawai ya ji abin ya zabura. Bai tuna ya murɗa totur ba.

Ya ɗaga hannunsa na dama ya daɗe yana kallo.

"Auta, haka Baba ya fara, ka tuna? Hannu ya riƙa yin abin da ba a aike shi ba."

Auta ya ce ya daina wannan magana, tsautsayi ne.

Da la'asar ya koma gareji. Ya ja babur ɗin tsakiyar fili, ya kafa shi a kan ƙafarsa, ya tada. Ya rungume hannu ɗaya a ƙirji don kada ya taɓa totur, ya tura kan da ɗayan zuwa dama. Sautin bai canza ba. Ya dawo da shi hagu a hankali, yana kaiwa ƙarshe injin ya kwarma ihu.

Ya kashe, ya durƙusa ya leƙa bayan fitila. Maƙalin da ya lanƙwasa da hannunsa ne ya kamo wayar totur. Idan kan na miƙe ba komai, idan ya karye hagu sai ƙarfen ya ja wayar kamar mutum ya murɗa har ƙarshe.

Doka ce da shi kansa ya sha faɗa wa mutane: duk abin da ka ɗaura a gaban babur, ka tada inji ka juya kan har ƙarshen dama, har ƙarshen hagu, kafin ka ba mai shi. Yau kuwa babur ɗin na matse tsakanin bango da wata mota da aka cire wa taya, kan ba ya juyuwa. Ya ce a ransa zai gwada in an fito da shi. Aka fito da shi, Yaya na ba'a, ana dariya, ya manta.

Washegari ya tafi asibiti da maganar a bakinsa. Ya tarar da ɗakin cike, matar Yaya na zuba ruwan zafi a kofi, tana gaya wa masu dubiya yadda ƙanin mijinta ya bar aikinsa ya wuni a kan babur ɗin nan don lafiyar ɗan'uwansa. Likita ta ce, "Baffa, kai ka yi iya naka. Laifina ne da na biye muku."

Ya buɗe baki. Ya kalli mutum bakwai da ke ɗakin, biyu daga ciki a garejinsa suke gyara. Ya tambayi yadda aka kwana da jiki.

Yaya bai yi ba'a ba ranar. Ya sa kowa ya ɗan ba su wuri shi da Auta, sannan ya ce a sayar da babur ɗin, ya riga ya gaya wa Likita ta nemo mai saye. Ya ce ba karayar ba ce ta dame shi, jikarsa da yake ɗaukowa daga makaranta kullum yake tunawa. Da tana baya fa? Mutumin da hannunsa ya daina jin maganarsa ba shi da hurumin hawa titi. Ya faɗi haka yana kallon silin, ya ƙara tsufan shekara goma a dare ɗaya.

"Ko kana da abin cewa?"

"Sai ka warke mu yi magana, Yaya."

"Babu sauran magana."

Auta ya dawo gareji ya ɗauki sifana. Aikin minti biyu ne. Ya sassauta noti, ya zare wayar ya bi da ita ta bayan maƙalin, ya ɗaure. Ya tada inji ya juya kan dama da hagu, sauti bai canza ba. Yanzu babur ɗin lafiyarsa ƙalau, tsohon ne kawai ke da laifi. Ya gaya wa kansa gobe zai faɗa, in an rage jama'a. Ya san ƙarya yake yi.

Yana goge hannu wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofa. Wani farin dattijo mai tabon ƙuna a yatsu ya sauko, ya yi sallama, ya ce 'yar mai babur ce ta turo shi. Tsofaffin babura yake saya ya gyara, kuma ba ya ɗaukar wanda ya kada mutum sai ya san dalilin faɗuwar. Ita ma ta ce ya sanar da ita abin da ya gani.

Bai jira a ba shi kujera ba. Ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya tsuguna a gaban fitila, ya zura yatsa bayan garkuwar ya shafo wayar totur, daidai inda ƙarfe ya ci robarta har farin ƙarfen cikinta ya fito. Ya dubi notin da sifana ta bari yana ƙyalli, sannan ya ɗago.

"Maigida, wa ya taɓa wayar nan bayan an faɗi?"