Kwanon Ishaƙ a Sansanin Japan

Rakiyya na cikin kutsawa tsakanin jama'ar da suka cika bakin filin, tana riƙe da gefen mayafinta kada a taka, sai ta hango kwanon mijinta a hannun wani saurayi da ya shafe fuska da gangamau. Yana tsugune a gaban wata 'yar bukkar kara, ya kifa kwanon a gwiwa yana kaɗa shi da yatsu kamar ya sami kalangu.

Ta tsaya cak. Ko cikin kwanuka ɗari aka jefa shi za ta tsamo shi. Kwanon soja ne mai kusurwa huɗu da mariƙi mai naɗewa, gindinsa baƙi ƙirin. A gefen bukkar ga goran ruwa na ƙarfe an rataye a jikin kara, ga adda a yashe, ga cokalin katakon da marigayi Ishaƙ ya sassaƙa da hannunsa a dajin ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, bayan nasa na ƙarfe ya faɗa kogi. Har gwangwanin da ya huhhuda ya mayar murhu yana nan, wani ya zuba masa ɓawon gyaɗa.

Da kayan nan Ishaƙ ya sauko daga jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha bayan an gama yaƙi, ya rame har sai da ya kira sunanta sannan ta yarda shi ne. Bai zo da dukiya ba, da su ya zo, sai kuma tarin da ya riƙa cinsa a hankali har ya kai shi kabari. Tun daga nan Rakiyya ke zaune a Sule Tankarkar tana soya ƙuli-ƙuli tana kaiwa kasuwa, kuma a kwanon nan take cin tuwonta.

Bayan ƙaramar Sallah ne wani malamin makaranta, Malam Nata'ala, ya yi mata sallama. Ya ce za a yi biki a Gumel na murnar Arewa ta sami mulkin kai, shi aka ɗora wa shirya wasan kwaikwayo na yaƙin Bama, kuma yana son kayan sansani na ainihi, waɗanda suka je can suka dawo. Kofur Dogo, abokin Ishaƙ tun daga barikin horo, shi ya kwatanta masa gidan. Rakiyya ta yi ta jan ƙafa, amma da Malam ya ce ai girmama marigayi za a yi a gaban manya, sai ta wanke kayan, ta ɗaure su a tsumma mai tsabta ta miƙa masa da hannu biyu. Yau kuwa ta bar kasuwa, ta hau bayan motar 'yan hatsi, don ta gani da idonta.

Ta matsa jikin igiyar da aka kewaye filin da ita ta kira saurayin. Ya zo yana murmushi, ya gaishe ta da ladabi, ya ce sunansa Manu. Ta tambaye shi wane ne shi a wasan.

"Japan ne mu, Goggo. Wannan sansaninmu ne. Na sojojinmu ga shi can."

Ta bi hannunsa da kallo. A ɗaya ɓarin filin, daidai gaban rumfar manyan baƙi, an kafa tantuna na farin alawayyo. An jera kwanuka da kofuna a kan tabarma suna walƙiya cikin rana har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Samari sanye da kaki mai guga suna ta gyara tsayuwa, kowa da bindigarsa ta katako. Manu ya ce maƙerin farin ƙarfe ne a Maigatari ya ƙera kwanukan da garewanin kananzir, shekaranjiya aka kawo su.

Rakiyya ta juya ta bar shi. Ta bi jikin igiyar har inda Malam Nata'ala yake tsaye da ƙahon magana a hannu, gumi ya jiƙe masa wuyan riga, mutane uku na yi masa magana a lokaci ɗaya. Da ya gan ta sai ya faɗaɗa fara'a, ya yi mata barka da zuwa, ya ce bari a nema mata wuri a inuwa. Ta ce ba inuwa ta kawo ta ba.

"Malam, me kayan mijina suke yi a hannun Japan?"

Ya ja ta gefe, ya sassauta murya. Ya ce wallahi da niyyar alheri ya karɓo su, amma da aka jera su ranar gwaji sai 'yan kwamiti suka yi ta dariya, suka ce kamar kayan mai gadin gona. Akwai hotunan sojoji da aka aiko daga Kaduna, ya ce, komai nasu fes yake. Yau ranar alfahari ce, baƙi sun zo daga nesa, ba zai yiwu a nuna sojan Arewa yana ci a baƙin kwano da cokalin itace ba. Su kuwa abokan gaba, ai dole a nuna su cikin wahala, shi ya sa kayan suka dace da can.

"Gaskiyar magana, Goggo, ba su yi kama da kayan soja ba."

"Ba su yi kama ba? To ai ba kama aka ce su yi ba, Malam. Su ne."

Ya ce ya sani, ya kuma ba ta haƙuri, amma an riga an tsara komai, manya sun fara zama. Da an tashi zai tattara mata kayanta da hannunsa. Kafin ta sake buɗe baki wani ya fizge shi ya tafi da shi.

Ta tarar da Kofur Dogo a kan bencin da aka keɓe wa tsofaffin sojoji, su kaɗan ne, kowa ya maƙala lambobin yabonsa a ƙirjin babbar riga. Da ya hango ta sai ya sunkuyar da kai. Ta tsaya a kansa ta tambaye shi ko ya ga inda aka kai amanar da ya yi wa jagora. Ya ce ya gani. Ya ce tun ranar gwaji ya gaya musu cewa a Bama babu wanda kwanonsa ke walƙiya, walƙiya ma harsashi take jawowa, da laka suke shafe komai. Tanti kuwa a hoto suka san shi, ganyen daji suke karyawa su kwanta a ƙarƙashi. Aka ce masa an gode, ya koma ya zauna.

"Kai kuma sai ka zauna," in ji ta.

Ya ɗago ya kalli fararen tantunan.

"Na zauna, Rakiyya. Da na kalle su a jere haka, sai na ji ni ma ina so a ce haka muka kasance."

Ta so ta faɗa masa magana mai zafi, amma sai ta haɗiye. Ta koma jikin igiya ta tsaya cikin rana, kusa da bukkar Japan, inda babu mai son tsayawa.

Aka busa begila, wasa ya tashi. Malam Nata'ala na bayani ta ƙaho, sojoji suka yi fareti, suka zauna suka yi kamar suna cin abinci a sababbin kwanukan da ba su taɓa ganin miya ba. Jama'a na ta tafi. Can sai makaɗa suka ɓarke da ganguna a madadin harbi, sojoji suka taso da gudu suna ihu, suka afka wa bukkar kara. Japanawa suka zube ɗaya bayan ɗaya, kowa na ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa iya mutuwa, mutane na dariya suna shewa. Aka ture bukkar. Wani ƙaton saurayi mai igiyoyin saje a hannun riga ya take goran ruwan, sannan ya ja da baya ya ɗauki kwanon Ishaƙ da ƙafa kamar tamaula. Kwanon ya tashi sama, ya faɗo da ƙara, ya gangara har tsakiyar fili. Taro ya ɗauki sowa.

Rakiyya ba ta san lokacin da ta ɗaga igiyar ta shiga ba. Ba gudu ta yi ba. Tafiya take irin wadda take yi in za ta rijiya, ta ratsa ta tsakanin sojojin da suka tsaya saroro da bindigoginsu na katako, ta je ta duƙa ta ɗauki kwanon, ta goge shi da bakin zaninta. Ta dawo wajen rusasshiyar bukkar ta ɗauki goran, ta ɗauki addar, ta zazzage ɓawon gyaɗa daga gwangwanin. Cokalin ne ba ta gani ba. Tana dube-dube sai Manu, wanda ke kwance ya mutu tun ɗazu, ya zaro shi daga ƙarƙashin cikinsa ya miƙo mata ba tare da ya buɗe ido ba.

Ganguna suka yi shiru. Malam Nata'ala ya ga wasa na neman ɓaci a gaban manya, sai ya ɗaga ƙaho ya ce, jama'a, ga wata matar ƙauyen Bama nan ta fito kwasar abin da abokan gaba suka bari.

Nan ne Rakiyya ta miƙe tsaye sosai. Ta juya ta fuskanci rumfar, kayan na rungume a ƙirjinta, ta yi magana da muryar da take tallar ƙuli-ƙuli a kasuwa.

"Ni ba 'yar Bama ba ce, kuma ba kwasa nake ba. Kayan Ishaƙ ne na Sule Tankarkar. A cikin wannan ya ci, a cikin wannan ya sha, ya dawo ya mutu a ɗakina. Bai taɓa zama Japan ba."

Ba kowa ya ji ba, filin na da faɗi. Amma bencin tsofaffin sojoji ya ji. Kofur Dogo ya dogara sanda ya tashi, ya haɗa ƙafafu ya ƙame. Na kusa da shi ya tashi, sauran ma suka bi. Manyan baƙi da suka ga haka suka ɗauka yana cikin tsarin wasan, su ma suka miƙe, wani Bature har da cire hula. Tafi ya ɓarke ta ko'ina, mata na guɗa. Rakiyya ta ratsa cikinsa ta fita, fuskarta a murtuke, ba ta kalli kowa ba.

A gindin wata tsamiya a tashar mota Malam Nata'ala ya cim mata, la'asar ta yi, yana haki. Ta zaci haƙuri ya zo bayarwa, ya kuwa bayar, a gurguje. Sannan ya ce manya sun yaba ƙwarai, sun ce a duk wasan babu abin da ya taɓa zuciya kamar fitowarta, har an tambaye shi inda ya samo mace mai iya kwaikwayo haka. Gobe za a maimaita wa mutanen ƙauyuka. Ko za ta kwana a Gumel ta sake yi? Kayan za su zauna inda suke, saje ya buga kwanon, ita kuma ta shigo daidai yadda ta yi yau.

Ta dube shi har sai da ya kawar da ido.

"Malam, ka je ka nemi mai kama da ni," ta ce.

Ya yi mata sallama ya juya. Yaran mota na ta loda buhuna, an ce sai an cika za a tashi. Rakiyya ta zauna a kan saiwar tsamiyar ta kwance ƙullin, ta ɗauko kwanon don ta ga ɓarnar da ƙafar ƙaton nan ta yi masa. Shekara da shekaru tana ci a ciki, tana wankewa, tana kifewa, amma ba ta taɓa zama ta ƙare masa kallo ba. Ashe duk jikinsa lotsawa ce, wata a gindi, wata a kusurwa, wata kusa da mariƙi. Ta bi su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta juya shi ta fuskar rana, ta sake juyawa. Ta kasa gane wacce ce ta yau, wacce ce ta Bama, kuma wanda zai iya gaya mata ba ya nan.

Direba ya danna ƙaho. Ta mayar da kwanon cikin tsumman ta ɗaure, ta miƙa wa wani da ke saman motar hannu ya ja ta.