Tattabarun Mai Agogo

"Ci a hankali, Maigida, ba mai ƙwace maka," in ji matarsa.

Mai Agogo ya dubi 'yar shinkafar da ta zuba masa a farantin kofin shayi, ya dube ni. Ina tsaye a bakin ƙofarsu riƙe da allurarsa, don tun da firij ɗinsu ya lalace a nawa take kwana, kusa da ƙwai.

"Mai Kitso, kin ga abin da duniya ta zama? Abincin kyanwa ake ba ni."

"Da ka ci rabonka da na unguwa, wa ya yi magana?" na ce.

Ya yi dariya, dariyar ta koma gyatsa, ya dafe ciki. Matarsa ta tura masa bokiti da ƙafa ko kallonsa ba ta yi ba, ta riga ta saba.

Ƙato ne na gaske maƙwabcin nan nawa, irin wanda sai ya karkace kafin ya shige ƙofa. Zaman gyaran agogo ya tara masa jiki, jikin ya cinye masa gwiwoyi. Ɗakinsu a ƙasa yake, tattabarunsa kuwa suna can saman benen da muke haya, ya yi shekaru bai taka matakalar ba. Matarsa ke hawa ta watsa musu tsaba. Shi nasa ya zauna a tsakar gida da yamma ya ɗaga kai ya yi fito, su tashi su kewaya saman gidan. Likita ya ce ba za a yi masa aikin gwiwa ba sai ya rage nauyi, shi ne aka sa shi a kan allurar nan ta mako-mako da ake tsirawa a fatar ciki.

Allura ta zo da rigimarta. Tashin zuciya, ƙwannafi, ciki ya ɗaure ya ƙi sakin komai. Matar nan kuwa ta zama gwana. Ta kori mai daga tukunyarta, ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ta hana shi kishingiɗa bayan cin abinci. Ruwan citta ba ya yankewa a fulas, busasshen biskit na gefen matashi. Ni ma na sa baki, mai kitso ai ba ta rasa magani, kowane kai da ya zauna a gabana da shawarar da yake bar mini.

Kuma ya yi sauƙi, wallahi. Sai ya riƙa ramewa a hankali, riguna suna yi masa yawa, fuskar saurayin da ban taɓa sani ba tana fitowa daga cikin tasa. Barci yake yi da rana tsaka a kan teburin aiki, gilashin duba agogo a ido, agogunan bango suna ta tafiya kowanne da nasa lokacin. Idan ya farka sai ya ce, "Na yi mafarki ina sama. Ba hawa na yi ba, iska ce ta ɗauke ni."

Da aka ƙara masa ƙarfin allurar ne abu ya canza. Amai ya ƙi tsayawa, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Wata rana na kawo masa allurar na tarar da shi a dunƙule, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a baya, matarsa ta tafi kasuwa.

"Wannan ba na citta ba ne," na ce. "Likita bai ce idan ciwo ya ratsa zuwa baya a koma ba?"

"Ya ce."

"To? In kunne ya ji, jiki ya tsira."

"Idan na koma zai tsayar da allurar. Saura ƙiris, Mai Kitso. Saura ƙiris."

Na yi masa tatas, na kuma gaya wa matarsa tun ba ta sauke kaya ba. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce gobe da safe ko a ɗaure sai ya je asibiti. Ya dubi matakala.

"Na yarda," ya ce. "Amma yau ku kai ni sama."

Haka muka hau, ita a dama, ni a hagu. Tsorona nauyinsa, ashe babu shi. Mutumin da kujera ke kuka idan ya zauna, ga shi a kafaɗata kamar buhun auduga. Gwiwoyin suna ƙara, yana hutawa, yana murmushi, leɓensa a bushe. Rana ta yi sanyi lokacin da muka fito fili. Shanyar mutane tana kaɗawa, hayaniyar titi ta koma can nesa.

Tattabarun na ganinsa suka tashi fir, suka koma kan tankin ruwa. Waɗanda suka san fuskarsa sun daɗe da mutuwa, waɗannan jikokinsu ne, muryarsa kawai suka sani. Ya zauna a kan wani bulo, ya tattara leɓe zai yi fito. Iska ce kawai ta fita. Ya sake, bakin ba ko yawu. Na juya baya ina gyara zanen wata maƙwabciya da bai karkace ba a kan igiyar shanya, don ba zan iya kallo ba.

Washegari aka kai shi. Suka ce wani abu ya kumbura a cikinsa, aman kuma ya ƙarar da ruwan jikinsa har ƙoda ta gaza. Sun yi iya yinsu. Bai dawo gidan ba, Allah ya jiƙansa. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata, ni da kullum muke cacar baki.

Amma a ranar da muka hau da shi, can sama, bai ce a sauko da shi ba. Ya ɗebi tsaba ya miƙa hannu, ya lumshe ido yana jira. Hannun ya fara yin ƙasa. Sai matarsa ta durƙusa a gefensa, ta sa tafinta a ƙarƙashin nasa ta tallafe. Ita sun san ta. Wata farar tattabara ta sauko, ta yi ɗan tattaki, ta haye yatsunsa. Wata ta biyo, sai ga su duka.

"Kin gani?" ya ce, idonsa a rufe. "Sun gane ni."

"Sun gane ka, Maigida."

Tsabar ta ƙare, tsuntsayen ba su tashi ba. Hannunta ya gaji, amma ba ta janye shi ba.